Jiniyar da Saudatu Ta Daina Ji

Inuwa ya yi shekaru a gaban injin saƙa a wata masaƙa da ke Sharada, har ƙarar injin ta cinye masa rabin ji. Haka abokan aikinsa suke, in suna hira a wurin mai shayi sai ka rantse faɗa ake yi. A gidansa ma rediyo kullum a ƙure take, matarsa Talatu kuma ta saba ɗaga murya.

Wanda ya zauna a unguwar a farkon shekarun dubu biyu ya san jiniyar masaƙar. Ita ce agogon kowa. Da ta yi kuka da yamma sai mata su ɗora tuwo, kekuna su cika titi, ma'aikata su fito da burbushin auduga a ka. Kwanaki ne masu daɗi, har yau in aka tuna sai zuciya ta yi nauyi.

Saudatu, 'yar Inuwa ta fari, da jin jiniya take rugawa ƙofar gida. Ta karɓi kwanon abincinsa, ta haye cinyarsa tana tsince masa audugar tana cewa, "Baba ya yi furfura." Duk gajiyar aiki a nan take sauka.

Sai dai tun tana ƙarama hancinta a toshe yake. Bakinta kullum a buɗe, mura ba ta rabuwa da ita, in ta yi barci kuwa minshari kamar na babban mutum. Dariya ake yi, ana cewa injin Baba ya tashi.

Wata rana Inuwa ya kai ta ɗakin shan magani na masaƙa. Malam Shu'aibu, malamin asibitin, ya duba ta ya ce, "Wannan ba mura ba ce kawai. Ina zaton nama ne ya girma a bayan hancinta, kuma yakan taɓa ji. Ka kai ta wurin likitan kunne da hanci."

Inuwa ya yi dariya ya ce, "Malam, ina ruwan hanci da kunne? In rashin ji ne, ai gadona ta yi."

Bai tsaya ya tuna cewa nasa inji ne ya jawo ba, kuma ba a gadon ƙarar inji.

Sannu a hankali Saudatu ta daina tarbarsa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma ya ce girma ne ya zo, ta daina damuwa da shi. A makaranta aka ce taurin kai gare ta, aka yi ta dukanta. Da kunnenta ya fara zubar da ruwa, Talatu ta ɗiga mata mai, ta toshe da audugar da Inuwa ke kawowa daga wurin aiki.

Ana haka masaƙar ta durƙushe. Ranar da aka rufe ta, Inuwa yana gida, an riga an sallame su. Da yamma aka busa jiniyar ƙarshe, aka ja ta da tsawo. Unguwa ta yi tsit, Talatu ta ajiye muciya tana share hawaye. Saudatu kuwa tana tsakar gida tana wasanta, ko waiwaye ba ta yi ba.

Can ta ɗago ta ga ubanta. Ta zo ta shafa kansa, ta ce, "Baba, me ya sa tun bara aka daina busa jiniya? Kullum ina jira in zo in tarbe ka."

Washegari Inuwa ya kai ta wurin likitan kunne da hanci.

Likita ya bayyana masa cewa akwai 'yar hanya da ta haɗa bayan hanci da kunne. Naman ya toshe ta, ruwa ya taru, ciwo ya yi ta dawowa har ya lalata cikin kunnen. Aka cire naman, minshari ya tafi, amma kunne ɗaya bai dawo ba, ɗayan kuma sai an ɗaga murya.

"Da kun zo tun farko, ƙaramin aiki ne," in ji likitan.

Iyaye, hanci da kunne a haɗe suke. Yaron da ke kwana baki buɗe, yana minshari, ana kira ba ya juyowa, kada a ce masa mai taurin kai. A kai shi asibiti tun yana jin kiran.