Kofin da Aka Karɓe

Ranar Talata aka zo har gidanmu a Fegge aka karɓe kofin da yayana ya ci a tseren keke. Wai gwajin fitsarinsa ya nuna sinadarin ƙara ƙarfi. An dakatar da shi shekara huɗu.

"Wallahi ko maganin ciwon kai ban sha ba!" in ji yayana.

Baba ya kau da kai. "Ka kunyata mu, kana kuma rantsuwa."

Yanzu dako yake yi a tashar motar Upper Iweka. In ya dawo yakan ce, "Ke kaɗai kika yarda da ni, auta."

Sai in sunkuyar da kai. Ni ce na ga ya rame, na sayo garin maganin ƙarfi a kasuwa, na riƙa zuba masa a kunu.