Abin da Gavriel Ya Ji a Teburin Kaka

Perel na kitsa kullun burodin ibadar ranar Asabar kamar kitson gashi lokacin da saurayinta Gavriel ya tsaya a ƙofar kicin, ya kasa kallonta.

"Wata takwas ke nan ina koyon Yidish ta intanet, a ɓoye. Na so in nemi aurenki wurin Kaka da harshenta."

Hannunta ya tsaya. Da Yidish, harshen da kakarta ta taso da shi, ita da Kaka suke zancensa a gabansa, don sun ɗauka ba ya ji.

"Har ranar da na ce ban tabbata ina sonka ba?"

"Na ji. Na yi shiru, na ci gaba da shan miyata. Ki yafe mini."

"Ɓarawon zance," ta ce, tana ɓoye murmushi. "Ka ji abin da na faɗa mata jiya?"

"Jiya ban zo ba."

"To je ka tambaye ta. Da harshenta."