Manomin da Ya Nome Gidan Kifi

Kai da aka damƙa wa riƙon wuri jiya-jiya, har ka fara lissafa abin da za ka tumɓuke, gyara zama ka ji. An yi wani manomi da duk karkararsu babu mai tsabtar gona irin tasa. Ciyawa ba ta kwana a kunyarsa, ko a gonar wani ya hango ta sai hannunsa ya riƙa ƙaiƙayi. Wata rana da rani ya je birni gano 'yarsa, sai ya tarar tana kiwon wasu jajayen kifayen ado guda biyu a cikin wani kaskon gilashi, ƙasansa tsakuwa, ga wasu korayen tsire-tsire sun fito suna rausaya a ruwa. Tun suna mitsi-mitsi take renon su, son da take musu kuwa ba a magana. Ana nan sai tafiyar suna ta kama ta, ta bar masa amanarsu. Ta ce ya riƙa barbaɗa musu abinci ɗan abin da yatsa biyu za su tsakuro, kada ya taɓa komai bayan wannan. Tsoho ya yi dariya, ya ce shi da ya yi kiwon shanu, kifin da bai kai ɗan yatsa ba ne zai gagare shi?

Tana ba da baya ya tsura wa kaskon nan ido, takaici ya cika shi. A ce 'yar da ya haifa, jinin manomi, ta bar ciyawa ta cinye mata wuri a tsakiyar falo, baƙi suna shigowa suna gani! Nan take ya naɗe hannun riga ya yi noma, ya cire ta tas har saiwa, ya miƙa wa akuyar maƙwabta ta kan katanga. Ya sa sabulu ya wanke tsakuwar, ya zubar da tsohon ruwan, ya cika kaskon da sabon ruwan famfo, ya koma gefe yana yaba aikinsa. Can sai ya ga kifayen sun taso sama suna buɗe baki suna rufewa. Ya ce Allah sarki, yunwa ce, yarinyar nan rowa take musu. Ya gutsuro tuwon da ya kwana ya marmasa musu, ya bi da ƙuli-ƙuli don kada su ci gaya. Kafin la'asar ruwa ya koma kamar koko. Da ɗayansu ya juya ciki sama, tsoho ko a jikinsa, ya ce ai shi ma idan ya ƙoshi haka yake kwanciya.

Da 'yar ta dawo ta leƙa kaskon, sai ta yi salati ta dafe ƙirji. Ɗaya ya riga ya sheƙa, ɗayan yana haki a gefe. Ba ta ɗaga wa mahaifinta murya ba, hawaye dai ta share ta ce, “Baba, ciyawar nan ba sakaci ba ne, dasa ta na yi. Ita ke tace musu ruwa, ita ke ba su iskar da suke shaƙa, a cikinta suke fakewa.” Kunya ta rufe tsoho, har ya fi son ƙasa ta tsage ya shige, don tunda yake amana ba ta taɓa lalacewa a hannunsa ba. Ya leƙa ta katanga ko akuya ta rage wani abu, ya tarar da ita kwance tana tuƙa. Dole ya bi 'yarsa wajen masu sayar da kifin ado, ya dawo rungume da ƙunshin ciyawa yana waige-waige kada ya yi kiciɓis da wani ɗan garinsu. Da hannunsa ya durƙusa ya dasa ta a cikin tsakuwa, tsiro bayan tsiro, yana addu'ar Allah ya sa ta kama. Ta kama kuwa, kifi ɗaya ya rayu, yana ta kewaya kaskon shi kaɗai.

To ka ji. Kafin ka miƙa hannu ka cire abin da ka tarar, tambayi wanda ya dasa shi. Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.