Rijiyar Bayahude

A jirgin Metro na Doha Fausiya ta kashe Bayahuden, da babban yatsa ɗaya, cikin labarin da take rubutawa a waya, tana dawowa daga otal ɗin da take aiki a unguwar Mushairib.

Labarin na garinsu ne, ba ita ta ƙirƙira ba. Kowa a can ya san Rijiyar Bayahude. Wai shekara ɗari da suka wuce wani falke ɗan Turabulus, Ishaƙa, ya zuba guba a ciki, yara suka yi ta mutuwa, aka jefe shi. Ita gishiri kawai ta ƙara: ta ba shi jajayen idanu, ta sa ya tuntsire da dariya a bakin rijiyar. Masu karatu a WhatsApp suka yi ta tsine masa, ita kuwa kanta ya kumbura.

Sai ta karanta babin da muryarta, ta tura wa kakarta Hajiya Adijatu, wadda ta raine ta. Tsohuwar da ba ta kwana biyu ba ta kira ba ta yi gum. Mako uku. Kawunta ya ce jiki ya yi tsanani, kuma ta ƙi karɓar waya. Tsoro ya kama Fausiya, kada tsohuwa ta tafi da fushinta.

Ranar Juma'a kafin magariba, a ɗakinsu na unguwar Al Muntazah, ta kunna kyandir biyu, ta rufe ido da tafukanta kamar yadda matan gidansu suke yi tun tana goye. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

"Yau ma?" in ji Sanatu, 'yar Kumasi da suke ɗaki ɗaya. "A Doha ake ɗauke wuta? Yalla, taso, abinci na hucewa."

Asabar da hantsi Hajiya Adijatu ta rasu. Fausiya ta yi kuka har muryarta ta dushe, sannan kawun ya turo saƙon muryar da tsohuwar ta bar mata.

"Fausiya, ba fushi na yi ba, baki ne ya yi mini nauyi. Amai da gudawa ne ya kashe yaran nan. Bawan Allah ya ɗebi ruwan ya sha a gabansu, duk da haka suka jefe shi. Ya bar 'ya mai shekara shida, maƙwabciya ta ɓoye ta a rumbu, ta sa mata suna Basiratu. Ba ta riƙe komai na gidan ubanta ba sai fitila biyu ranar Juma'a."

Tsohuwar ta ja dogon numfashi.

"Ita ta haife ni."