Wanda Ya Buɗe Kwalbar Zinare

A shekarar 1976 aka kawo wa wata sakandare a Kazaure kayan ɗakin gwaji, mota guda. A ciki har da 'yar kwalba mai gari rawaya, sinadarin zinare mai cin fata. Malam Halliru, malamin kimiyya, ya ɗora ta can saman kanta, ya manna takarda a jiki: kada a taɓa sai da safar hannu da cokalin gilas.

Ranar Litinin da safe ya tarar da murfin a karkace, ga garin ya zube a tebur an goge cikin gaggawa. Nan take malamai suka ce aikin Baba Kura mai shara ne. Har ana maganar sallamarsa, tsohon da ya shekara ashirin yana aikin.

Halliru bai yarda ba. Ya nufi ofishin shugaban makaranta, Alhaji Muhammadu Lawal.

"Ranka ya daɗe, abin nan ba ya rufa wa kowa asiri. Wanda ya taɓa shi, da rana ta buga yatsunsa sai su koma shunayya, sabulu ba ya fitarwa."

Shugaba ya gyara zama, hannuwansa cikin babbar riga. "To, a duba hannun kowa."

Aka jera ɗalibai da malamai da masu girki a filin makaranta. Halliru na dubawa, shugaba na biye da shi. Da aka zo kan Fatu mai girki ta miƙa hannu jawur da lalle, fili ya kwashe da dariya. Hannun Baba Kura kuwa fes, sai kantar tsintsiya.

Ba a kama kowa ba. Shugaba ya ce ba wanda za a sallama, sannan ya yi jawabi.

"Kada kyan launinsa ya ruɗe ku. Raɗaɗinsa ya fi na barkono. In ya taɓa ku, ku ruga famfo, ku bar ruwa ya yi ta zuba."

Halliru ya ji daɗi ƙwarai, bai taɓa samun shugaba mai son kimiyya haka ba.

Da aka kira azahar, ya ɗauko buta ya kai wa shugaba bayan ofis. Alhaji ya waiga dama, ya waiga hagu.

"Zuba mini, Malam. Amma maganar nan ta tsaya tsakaninmu."

Ya zaro hannuwansa daga cikin riga, yatsu uku shunayya har farce.