Malamin da Ya Riƙe Mabuɗi a Kansa

Tunda ka ce sai ka gama gyara aikinka kafin ka nuna wa mutane, bari ka ji misalin wani malamin fiziks. Shekara tara yana bin makarantun sakandare na ƙauyuka a kan babur, yana raba wa ɗalibai takardar tambayoyi: in aka saki dutse da goro tare daga kan soro, wanne zai riga taɓa ƙasa? So yake ya gano inda fahimtar yara take karkacewa, don a gyara koyarwa. Ya yi wa yaran alkawarin ba wanda zai san amsar wane, don haka da ya mayar da amsoshin lambobi a kwamfuta sai ya ƙone takardun. Abin da kowace lamba take nufi kuwa, a kansa ya ajiye. Wata malama, abokiyar bincikensa, ta sha roƙonsa ya rubuta bayanin, ya zuba komai a rumbun intanet inda masu bincike suke ɗiba kyauta. Shi kuma tsoro yake ji. Tsoron kada wani ya riga shi wallafawa, da wanda ya fi wannan, kada a tono masa kuskure a bainar jama'a. Kullum amsarsa ɗaya ce, sai ya kammala.

Wata rana alli ya suɓuce masa a gaban allo, ya sunkuya zai ɗauka, yatsu suka ƙi. Bai gaya wa kowa ba, ya dai ƙudurta ranar Asabar zai zauna ya rubuta bayanin nan duka. Ranar Alhamis da safe yana alwala ya kife a kan buta, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Malamar ta zo asibiti da kwamfutarsa, ta durƙusa gefen gado, ta ce, "Malam, a jeri na bakwai, uku me take nufi?" Ya sani sarai. Amsar tana nan a kansa tas, kamar tsabar gero a ƙasan ruwan ƙwarya, amma ba hanyar fitowa. Aka sa masa biro a hannun hagu, ya ja wani layi mai kama da sawun tana, biron ya faɗi. Idonsa ya yi ta bin fuskokin mutane, hawaye na gangarawa cikin kunnensa. Kwana goma sha ɗaya ya yi haka, Allah Ya karɓi abinsa.

Lambobin suna nan har yau, amsoshin yara dubu huɗu, jere kamar kaburburan da ba a sa wa alama ba. Allah Ya jiƙansa. Dama Hausawa sun faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya.