Hotunan Baban Leah

Ishaya na jin rugugin jiragen yaƙi ya haye dutsen bayan unguwar Rikoto a Zuru da kyamararsa. Tun yana saurayi yake farautar jirage da hoto, amma tun da 'yan bindiga suka sace 'yarsa Leah, abin ya zame masa addu'a. Ya ɗauka, ya ɗora a shafinsa nan take: "Ga su nan sun nufi dajin Sakaba! Leah, yau za ki dawo."

Jama'a suka yi ta zuba amin. Matarsa ta ce ya rage, ya ce hoto bai taɓa kashe kowa ba.

Bayan girbi, Dinah, wadda aka sace tare da Leah, ta dawo ita kaɗai.

"Baba, gudu ne ya kashe ta. Duk ranar da jirgi zai zo, sai su kora mu can cikin daji."

"Wa ke tsegunta musu? Faɗa mini sunan la'anannen!"

Dinah ta dubi kyamarar da ke wuyansa.

"Ogansu ya ce in gaishe ka. Wai duk Zuru ba shafin da yake bi kamar naka."